Aikin salansa da saitin mai a GSX-R750 ɗina, inda aka kwana

Asabar 2 ga Nuwamba 2024

Toh Alhamdulillahi yau dai salansar ta iso hannuna, kusan wata biyu ina bin wanda zai kawo min ita daga Legas. Ta hannu ce amma lafiyarta lau, cikakkiya ce tun daga bakin inji har wutsiya, irin wadda bututu huɗu ke haɗewa su zama biyu sannan biyun su koma ɗaya, kuma ƙarfen da baya tsatsa ne. Raina ya so Yoshimura ko Akrapovič wallahi, amma da na buga kuɗin da dala a yadda take yanzu sai na haƙura na ɗauki wadda aljihuna zai iya.

Mashin ɗin Suzuki GSX-R750 ne ƙirar 2008, wanda ake cewa K8, ɗan Kwatano ne, asalinsa na kasuwar Turai shi yasa yake da sensar oksijin a jikin salansa. Shekara biyu yana hannuna a nan Kaduna ban taɓa masa komai ba banda juye da taya da fulogi.

Abin da yasa zan riƙa rubuta aikin nan rana-rana shine abin da nake gani wajen 'yan'uwa masu manyan babura yana damuna. Mutum zai sa salansa ya ji ƙara tayi daɗi shikenan ya ɗauka an gama, bayan wata uku sai ka ji yana cewa mashin na zafi, yana harbi in an saki totur, yana fizga a cikin gari, har ya fara zagin salansar alhali ba ita tayi laifi ba. Injin nan bashi da na'urar da ke auna yawan iskar da ke shiga kamar yadda motoci da yawa ke da ita. Abin da birenbos, wato kwamfutar mashin, ke yi shine ya duba totur nawa ka murɗa, inji juyi nawa yake yi a minti, matsin iska a mashiga, zafin ruwa da zafin iska, sai ya leƙa wani jadawali da aka rubuta masa tun a masana'anta ya ce wa injekta fesa mai kaza. Jadawalin nan kuwa da tsohuwar salansa aka auna shi. In ka canza yadda hayaƙi ke fita iskar da ke shiga ma ta canza, shi kuwa birenbos bai da labari, yana nan yana bada man jiya. Ni so nake in auna da idona kafin in ce ya yi.

Asabar 9 ga Nuwamba

Tun ƙarfe takwas ina garejin Oga, bamu tashi ba sai bayan la'asar. Mutumin nan tun zamanin Honda Roadmaster yake gyaran babur, kafireta kam ko ido a rufe zai warware ta ya mayar, amma duk abin da ke da waya da kwamfuta baya so, yace min "Malam ni dai zan ɗaura maka ƙarfe, sauran kai da laftof ɗinka."

Sai da muka cire robobin gefe muka sassauta lagireto muka turo shi gaba kafin hannu ya kai bakin bututun. Ƙusoshi takwas ne, bakwai sun fito lafiya, ɗaya ta silinda ta uku ta karye saboda tsatsa, nan ne rabin yinin ya tafi. Allah ya taimaka guntun ya ɗan leƙo waje, aka kira mai walda ya like noti a kansa, zafin waldar ma ya taimaka ta saki. Na zo da sababbin gasket huɗu, don Allah duk wanda zai yi aikin nan kar ya mayar da tsofaffin, sun riga sun matse ba zasu sake riƙewa ba. Mun ɗaure a 23 Nm da sifana mai awo kamar yadda littafin gyara ya ce. Da muka ɗora tsohuwar da sabuwar a sikelin mai sayar da gas na maƙwabta, bambancin ya haura kilo huɗu.

Da aka tada shi kuwa, kai, yaran gareji duk sun bar aikinsu sun zagaye mu. Sai dai jar fitilar FI, mai nuna akwai matsala, ta kama. Na ɗaga kujera na haɗa wayoyi biyun nan na farin soket don mita ta nuna lambar matsala, ta nuna C46. Dama na san za'a rina. Tsohuwar salansar tana da wani ɗan murfi a cikin bututu wanda Suzuki ke kira SET, kebul biyu ke jansa, yana ɗan rufewa in inji na ƙasa ya buɗe in ya hau sama, yanzu babu shi sai birenbos ya ga abin da ke jan kebul ɗin yana juyawa a banza.

Litinin 11 ga Nuwamba

Da asuba na tada shi zan fita, da na dawo da yamma Baba maƙwabcinmu ya kira ni a ƙofar gida. Bai yi faɗa ba, cewa kawai yayi "ɗana, jikata jaririya ce, kuma Hajiya bata jin daɗi kwana biyu." Nace Baba a yi haƙuri in Allah ya yarda ba za'a sake ba. A daren na mayar da toshiyar nan mai rage ƙara da ke bakin wutsiya, kuma na yanke shawara da ita zan yi duk saitin, tunda da ita zan riƙa hawa. Wannan ba ƙaramin abu bane, in kayi saiti babu toshiya sannan ka sa ta to awon ya tashi aiki.

Asabar 23 ga Nuwamba

Sati biyu ina hawa a haka da gangan don in san ciwon kafin in nemi magani. Daga juyi 3,000 zuwa wajen 5,000 ya rage ƙarfi, a da in na fito daga shataletale a giya ta uku yana ɗauka sumul, yanzu sai yayi kamar yana tunani tukunna, wannan aikin murfin SET ne da aka rasa da kuma ƙarancin mai. A cikin go-slow na Ahmadu Bello Way in na riƙe totur kaɗan yana fizga gaba da baya, fanka kuma na kamawa da wuri fiye da yadda na saba duk da sanyin da aka fara. In na saki totur daga sama sai harbi, tas tas tas, wasu na so, ni bana so don na san ma'anarsa.

Sama da 8,000 kam ya buɗe, ba musu.

Na yi odar Power Commander V na kamfanin Dynojet da Autotune ɗinsa mai sensar da ke auna hayaƙi ya kawo shawarar gyaran mai, da 'yar na'urar da ake sokawa a madadin SET don fitila ta mutu, da wata ta madadin sensar oksijin, da faranti biyu na toshe PAIR. Na so a ce birenbos ɗin kansa aka buɗe aka sake rubutawa da manhaja irin ta Woolich Racing, yafi tsafta babu ƙarin wayoyi, amma sai dai in aika shi waje, in ya ɓata a hanya mashin ya zama gumaka, kuma ko ya dawo saitin wani gari za'a sa min ba na nan ba.

Asabar 14 ga Disamba

Kaya sun iso Laraba, yau muka haɗa. An ɗaga tanki an cire akwatin iska, Power Commander ana soka shi ne tsakanin wayoyin birenbos da injekta, sannan ya ɗauki sigina daga sensar totur. Shi baya goge komai, tsayawa yake a tsakiya, birenbos yace a fesa mai kaza shi kuma ya ƙara ko ya rage kashi kaza cikin ɗari gwargwadon abin da ka rubuta a jadawalinsa.

Abu biyu ne na tsaya a kansu har Oga ya fara gajiya da ni. Na farko ramin sabuwar sensa. Ta asali 'yar ƙarama ce, abin da ta iya faɗa kawai shine mai yayi yawa ko yayi kaɗan a kusa da 14.7, wato kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na fetur ta fuskar nauyi, wanda shine ma'aunin da ke ƙone mai ƙurmus kuma shi dokar hayaƙi ta Turai ke so. Ta Autotune kuwa tana faɗin ainihin lambar, 12 ne ko 13 ko 15. Mun kai bututun Panteka aka huda aka like mazauni mai zare M18 bayan inda bututu huɗun suka gama haɗewa, na nace sai ta kalli sama kaɗan don ruwan da ke taruwa a salansa da safe kar ya kwanta a kanta ya kashe ta. Na biyu PAIR. Wannan wata hanya ce da ke tura iska mai kyau cikin bakin salansa don ragowar mai ya ƙarasa ƙonewa, ita ce uwar harbin nan, kuma in baka toshe ta ba sensa zata riƙa shaƙar wannan iskar tana maka ƙarya cewa mai yayi kaɗan, kai kuma kayi ta ƙarawa har fulogi yayi baƙi. Mun toshe.

Fitila ta mutu, mita ta nuna C00, wato babu matsala. Harbi ya ragu da fiye da rabi tun kafin in taɓa jadawali.

Na sauke wata taswirar mai, wato jadawalin da wani ya riga ya cika, daga intanet ta irin wannan mashin da cikakkiyar salansa, na sa ta a matsayin mafari kawai.

Lahadi 22 ga Disamba

Jiya da yau hanyar Zariya, da sassafe kafin manyan motoci su cika titi. Jadawalin yana da layin totur a sama, kashi cikin ɗari, 0, 2, 5, 10, 15, 20, 40, 60, 80, 100, sannan juyin inji a gefe. Na sa ma'aunin iska da mai da nake nema ya zama 13.6 zuwa 13.8 a ƙananan totur inda ake tafiyar yau da kullum, 13.2 a tsakiya, 13.0 a sama. Layin 0 na bar shi babu komai, don in ka saki totur awon sensa ba abin dogaro bane. Yadda ake yi shine ka riƙe totur a waje ɗaya ka bar inji ya hau a hankali, kada kayi ta murɗawa kana saki, sai ka tsaya ka buɗe laftof ka ga gyaran da ya kawo shawara, wanda yayi ma'ana ka karɓa.

Taswirar intanet ɗin nan bata dace da mashin ɗina ba sam. A 5 da 10 ta cika mai har ƙasa da 12.5, a 40 kuma bata kai ba. Ba mamaki, wata salansa ce, wani fetur, wata iska.

Da na biya gareji na nuna wa Oga allon, ya daɗe yana kallo sannan ya sa yatsa yace "wannan gefen ai ƙaramin jet ne na silo, tsakiyar nan allura ce, can ƙarshe babban jet." Wallahi haka ne, ban taɓa jin wanda ya bayyana shi a taƙaice haka ba. Tun daga nan ya ja kujera.

Asabar 4 ga Janairu 2025

Yau ne ranar da ta fi kowace muhimmanci a aikin nan, shi yasa zan tsawaita.

Kwana goma ina lura da wani abu da bai kwanta min ba. A layin 60 da 80 daga juyi 8,000 zuwa sama, duk fitar da nayi sai Autotune ya nemi ƙarin mai. Na karɓi ƙarin kashi 8, ya nemi ƙari, ya kai 14, ya kai 20, kuma duk da haka awon na nuna wajen 14 maimakon 13. Salansa kaɗai bata isa ta jawo wannan ba. Na duba ko akwai yoyo a mahaɗar bututu don yoyo ma na sa sensa tayi ƙarya, na toshe wutsiya da tsumma na bi da hannu, babu. Ni har na fara zargin sensar.

Oga yace in kashe in sake kunna makulli ba tare da na tada ba. Ya kara kunne a tanki, yace in sake. Sai yace "Malam famfon nan kuka yake, ba haka muryarsa take ba." Ya cire fulogi biyu, fari tas kamar alli. Yace kwamfutarka gaskiya take faɗa mai baya isa, amma ba a jadawali matsalar take ba, tana buɗe ƙofa ne alhali rijiyar ce ba ruwa.

Mun zuƙe tanki mun ciro famfon. Rariyar da ke ƙasansa ta toshe da wani jan laka, tsatsa da ƙasa, har ka kankare da farce. Famfon nan aikinsa ya riƙe matsi na bar 3, a silo da ƙaramin totur yana iyawa don man da ake buƙata kaɗan ne shi yasa ban taɓa jin komai a cikin gari ba, amma in aka buɗe totur injektoci takwas suna sha, don biyu-biyu ne kowace silinda, sai matsin ya faɗi. Na san kuma daga inda abin ya fito, lokutan wahalar mai na sha sayen na 'yan bumburutu a galan, kuma na sha barin tanki rabi ya kwana biyu a damina.

Abin da ya tsaya min a rai shine da ban sa sensar nan ba da haka zan yi ta hawa, mai na ƙaranci a daidai inda inji yafi zafi, kuma ƙarshen wannan bawul ne ya ƙone ko fistin ya huje. Da kuma babu Oga da nayi ta ƙara lamba a laftof ina rufe ciwo. Mun wanke tanki, mun sa sabuwar rariya, an wanke injektoci, famfon kansa da aka gwada shi cikin kwalba yana turawa da kyau don haka mun mayar da shi.

Duk awon da nayi na sati biyu ya zama na zubarwa. Na goge na koma sifili.

Asabar 18 ga Janairu

An sake daga farko, wannan karon ban sa taswirar kowa ba, daga sifili na fara kuma a gidan mai ɗaya nake sha don kar fetur ya riƙa canza min lissafi. Fita huɗu kawai lambobin suka zauna. Mafi yawan ƙarin yana tsakanin juyi 3,500 da 6,000 a totur 10 zuwa 40, nan ya nemi kashi 6 zuwa 11, can sama kuwa abin mamaki kaɗan ya nema, wani wajen ma ragewa yayi don dama masana'anta na barin mai da ɗan yawa a can saboda kare inji. Na bi da hannu na daidaita inda lamba ɗaya tayi tsalle ta bar maƙwabtanta, don irin wannan tsallen shi kake ji a matsayin fizga.

Layin 100 daga 11,000 zuwa sama ban auna shi ba kuma bazan auna a titi ba. Kafin ka riƙe totur a ƙarshe a giya ta uku har can, gudun da kake yi ya wuce hankali, ga ramuka ga shanu ga masu tsallaka titi, ba lambar da ta kai ran mutum. Na bar wajen da ɗan yalwar mai, sai ranar da Allah ya haɗa ni da injin gwaji na dayino.

Wani abokina ya matsa min in ƙara taimin, wato fulogi ya riƙa bada wuta da wuri, wai nan ƙarfin yake. Na ƙi. Injin nan matsinsa a cikin silinda 12.5 a kan 1 ne, littafinsa fetur mai oktan 95 yake nema, namu na gidan mai kuwa wajen 91 ne in an samu mai kyau. Waɗanda ke ƙara taimin a Turai suna da 98 a famfo. Mu nan ka ƙara, ga zafin Afrilu, sai inji ya fara ƙwanƙwasa daga ciki kuma da wannan salansar ko jin ƙarar ba zaka yi ba sai aiki ya ɓaci.

Lahadi 9 ga Fabrairu

Hazo yayi yawa satin nan, na ga awon ya ɗan karkata wajen yawan mai ko'ina, na buɗe akwatin iska filta tayi ja da ƙura. Da na sa sabuwa ya koma daidai. An bani shawarar irin filtar audugar nan da ake shafa wa mai wai tafi shaƙar iska, ni dai a ƙurar hunturun Arewa ta takarda zan ci gaba da sawa ina canzawa da wuri, ƙarin ƙarfin doki ɗaya ko biyu bai kai zoben fistin ba.

Yadda yake tafiya yanzu kam sai godiya. Fizgar go-slow ta tafi gaba ɗaya, ina iya tafiya a giya ta biyu da totur kaɗan kamar an ja zare, ramin nan na 4,000 ya cike duk da bai kai yadda yake da murfin SET a can ƙasa sosai ba, wannan na yarda na rasa shi. Fanka ta koma kamawa a inda ta saba. Mai kuwa yana ci fiye da da kaɗan, a da lita ɗaya na kai ni wajen kilomita 17 a doguwar hanya yanzu 16 ne, da litar da ta kai kusan naira dubu ana ji a aljihu amma na san inda yake tafiya.

Juma'a 28 ga Fabrairu

Na karɓi gyaran ƙarshe, na kashe Autotune don kar ya riƙa taɓa jadawali ba da sanina ba, amma na bar sensar a jiki. Taswirar na ajiye ta a laftof da filashi, na rubuta mata suna da kwanan wata da cewa ta hunturu ce da toshiya a ciki. Tsohuwar salansa da kebul ɗinta da sensar asali na naɗe su a buhu na ɗora a saman silin.

Ana sa ran gobe za'a tashi da azumi don haka zan rage hawa. Abin da ya rage: bayan sallah in zafi ya kankama zan kunna Autotune in yi fita biyu da tsakar rana in ga ko awon ya motsa, sannan a duba gibin bawul don ya kusa lokacinsa, kuma in an taɓa bawul dole a sake awo. Oga yace ranar in zo da laftof ɗin da wuri, akwai wani mai Kawasaki da ya kawo masa da irin wannan harbin, yana so mu sa masa sensar mu gani kafin ya kwance komai.